Motar Musa, ba Musan mota ba: a koyar da mallakar Turanci daga Hausa

Ka bi layin masu sayar da waya ko na masu kayan sawa a kowace babbar kasuwa, ka ɗaga kai ka karanta allunan da ke saman ƙofofi. Da wuya ka kai ƙarshen layin ba ka ci karo da “Phone's and Accessories” ba, ko “Ladie's Wear”, ko “Childrens Shoes”. Na farko ya sa alama inda ba a gayyace ta ba, na biyu ya cusa ta tsakiyar kalma ya tsaga ta biyu, na uku kuwa ya baro ta a gida. Mai fenti ba shi da laifi, abin da aka rubuta masa a takarda shi ya kwafa. Wanda ya rubuta takardar kuma sau da yawa ya yi shekara 12 a makaranta, firamare da sakandare, kullum ana koya masa Turanci. To, ina gizo ke saƙar?

Ni a ganina laifin na hanyar koyarwa ne. Ana fara darasin daga alamar, wato ɗan waƙafin nan da ke rataye a saman layi, wanda Turawa ke kira apostrophe, mu kuma muke ce masa alamar mallaka. Malam ya rubuta a allo: tilo, alama kafin s; jam'i, alama bayan s. Yara su rera, su haddace, a buga ƙararrawa a tashi. Wannan doka rabinta ne gaskiya, kuma ita ce uwar “childrens'” da “womens'”. Abin da ya fi damuna shi ne ana koyar da ita kamar yaron da ke zaune a benci bai taɓa jin wata aba wai ita mallaka ba, alhali tun kafin a ɗinka masa kayan makaranta yake cewa “rigar Inna” da “keken Yaya”, bai kuwa taɓa musanya -r da -n ba. Yaro Bahaushe da cikakken nahawun mallaka yake shigowa aji. Daga nan ya kamata malami ya kama, ko da makarantar tana cikin masu cin tarar yaro in ya yi Hausa a harabarta.

A Hausa abin da aka mallaka ne ke zuwa farko, mai shi ya biyo baya, kuma mahaɗin a jikin abin da aka mallaka yake manne: motar Musa, gidan Binta. Larabci ma haka jerinsa yake, duk wanda ya yi nahawu a zaure ya san mudafi da abin da aka jingina shi gare shi, irin su “baitu Musa”. Faransancin da yaran Maradi da Damagaram ke karatu da shi bai canza zani ba: “la voiture de Moussa”. Turanci ne ya fita zakka. A wurinsa mai abu ke shiga gaba, kuma a jikinsa ake liƙa alamar: “Musa's car”. An juya abu biyu ke nan a lokaci guda, jerin kalmomi da mazaunin alama. Yaron da ba a nuna masa wannan juyi ba sai ya bi sawun harshensa ya rubuta “the car's Musa”, wanda in aka mayar da shi Hausa ya zama “Musan mota”. Malami ya faɗa wa aji haka sau ɗaya, su kwashe da dariya, da wuya su sake.

Da an gane juyin, ko doguwar sarƙa ba ta ba da tsoro. Ɗauki “motar ƙanen mijin Binta”. A karanta Hausar daga dama zuwa hagu kamar ajami: Binta, miji, ƙane, mota. Sai a bi su a haka, kowane mai abu a ba shi alamarsa: “Binta's husband's younger brother's car”. Nahawu ya yarda da wannan, sai dai kunne ba ya so, shi ya sa marubuci mai kyau ba ya jera fiye da biyu in yana da wata hanya.

Wajen sa alamar kanta, mataki uku ne, kuma bin su a jere shi ne sirrin. Da farko a mayar da maganar Hausa a tambaya: na wa ne? Bayan nan a rubuta mai abin cikakke yadda yake a Turanci, tilo ne ko jam'i, ba tare da an taɓa wata alama ba tukuna. Sannan a dubi abin da aka rubuta. In jam'i ne da ya riga ya ƙare da s, alama kaɗai za a sa a bayansa. Duk wani abin da ba wannan ba, alama da s. Littafin yaro: mai shi “boy”, sai “the boy's book”. Littattafan samari da yawa: masu su “boys”, jam'i mai s, sai “the boys' books”. Takalman yara: masu su “children”, jam'i ne amma bai ƙare da s ba, sai “children's shoes”. Haka “women's”, “men's” da “people's”. Kalmomin da ke sauya fasali a jam'i su ne tarko, kuma mataki na biyu ne ke tserar da mutum daga gare su: mace ɗaya “wife's”, mata da yawa “wives'”, “lady's” da “ladies'”, “baby's” da “babies'”.

Akwai gwaji mai sauƙi da yaro zai yi da yatsansa a ɗakin jarrabawa. Ya rufe alamar da duk abin da ke bayanta, ya karanta abin da ya saura ta hagu. Wannan shi ne mai abin, kuma tilas ya zama kalmar da ake samu a ƙamus. Rufe “Ladie's”, sai a ga “ladie”, babu ita. Rufe “childrens'”, sai a ga “childrens”, ita ma babu. Wani abin da ke ruɗa ɗalibai shi ne yawan kayan da aka mallaka. Alamar babu ruwanta da shi, yawan masu kayan kawai take ƙirgawa. “The teacher's books” malami ɗaya ne da tulin littattafai. “The teachers' room” malamai ne da yawa, ɗaki ɗaya tal.

Sunayen da yara suka riga suka sani sun fi misalan da ake ƙirƙira a littafi amfani. Cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, “National Teachers' Institute” ce, don ta malamai ce ba ta malami ɗaya ba. “King's College” ta Legas, ta 1909, sarki ɗaya ake nufi. Ranar yara ta 27 ga Mayu “Children's Day”, ta ma'aikata ta 1 ga Mayu “Workers' Day”. A Ingila akwai misalin da ya fi duka daɗi: jami'ar Oxford tana da “The Queen's College”, ta Cambridge kuma tana da “Queens' College”, saboda sarauniyoyi biyu ne suka kafa ta a ƙarni na 15, Margaret ta fara a 1448, Elizabeth Woodville ta sabunta a 1465. Gusar da alama taki ɗaya ya riƙe tarihin mata biyu.

Ba duka kuskuren ke farowa daga hannu ba, wani daga baki yake tasowa. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka ce banki, muka ce siminti. Turanci kuwa ba ya jin nauyin tara uku a ƙarshen kalma, kamar a “the student's” ko “the guest's”. Harshe ya gaji ya yar da s ɗin ƙarshe, hannu kuma ya bi harshe, sai a wayi gari da “the student book”. Turancin Buroka na ƙara wa wutar fetur, don a cikinsa “my papa house” daidai ne. Saboda haka darasin mallaka sai an yi shi da murya. Ɗafin, wato alama da s ɗin da ake liƙa wa suna, yana da furuci uku. Bayan sauti marar ziza, wato wanda maƙogwaro ba ya karkarwa in an furta shi, ana jin s, kamar a “Yusuf's” da “the cook's”. Bayan wasali ko sauti mai ziza ana jin z, kamar a “Audu's”, “Ahmad's” da “the girl's”. Bayan sautin s, z, sh, c ko j kuwa sai a ƙara gaɓa guda, a ce iz: “the judge's”, “the coach's”, “the boss's”. Yaron da ya saba furta “bosiz” ba zai yi gardamar rubuta s biyu da alama da wani s ba.

Wani abin lura da ya shafe mu mu kaɗai: a rubutun boko wannan alama harafi ce, alhamza, ana furta ta a sa'a da ma'ana da jam'i. A Nijeriya da ita muke rubuta 'ya'ya, a waya kuma da yawa da ita suke maye gurbin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Ya kamata a gaya wa yaro ƙarara cewa a Turanci ba ta da sauti ko kaɗan. A rubuta masa “Asma'u's bag” a allo: alama biyu masu kama ɗaya, ta farko ana furta ta, ta biyu ido kaɗai ke ganinta.

Inda Hausa ta fi taimakawa shi ne wurin da littattafan makaranta ke wucewa a guje. In mai abin yankin suna ne mai kalmomi da yawa, alamar tana zuwa can ƙarshensa. Fadar Sarkin Kano: mai ita gaba ɗaya “the Emir of Kano” ne, don haka “the Emir of Kano's palace”, ba “the Emir's of Kano palace” ba. Gidan suruka “my mother-in-law's house”, duk da cewa jam'in kalmar a gaba yake ɗaukar s, “mothers-in-law”. Wayar wani daban “somebody else's phone”. Sai kuma tarayya. “Shagon Musa da Audu” shago ɗaya ne na mutum biyu, Turancinsa “Musa and Audu's shop”. “Shagon Musa da na Audu” shaguna biyu ne, kowa da nasa, Turancinsa “Musa's and Audu's shops”. Wannan “na” ɗin da Bahaushe ya ƙara, shi ne alama ta biyu a Turanci, ba ragi ba ƙari. Haka yake aiki in an sakaya abin da aka mallaka: wayar nan ta Binta ce, “this phone is Binta's”. Yawan mutanen Kano ya fi na Katsina, “Kano's population is larger than Katsina's”. Wanda ya yar da alamar ƙarshe ya gwada yawan mutane da gari, kamar ya ce “yawan mutanen Kano ya fi Katsina”, kunnen Bahaushe kuwa nan take zai ji an bar wani abu a baya.

Amma a faɗi gaskiya, Hausa ma tana da inda take kai mutum ta baro shi. Mahaɗin -n da -r ya fi ɗafin Turanci faɗin aiki nesa ba kusa ba. Da shi muke cewa zoben zinariya, kuɗin makaranta, ruwan sha, gidan ƙasa, ƙofar gari, har ma farin doki. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ɗaukar alamar mallaka a Turanci: “gold ring”, “school fees”, “drinking water”, “mud house”, “city gate”, “white horse”. Ɗalibin da aka koya masa cewa kowane -n yana komawa alama da s zai rubuta “gold's ring” da “tea's cup”, kuma malamin da ya koya masa haka ne ya jefa shi. Maganin shi ne tambayar mataki na farko. In tambayar da ta dace ita ce “na wa?”, amsar kuma mutum ce, ko dabba, ko ƙungiya, ko ƙasa ko gari, to alama ta shigo: “the goat's leg”, “the union's chairman”, “Nigeria's budget”. In tambayar “wane iri?” ce ko “da me aka yi shi?”, sai a jera sunayen biyu haka nan. Kayan da ba su da rai kuwa sun fi son “of”, wanda jerinsa irin na Hausa ne sak: ƙarshen hanya, “the end of the road”, ƙasan rijiya, “the bottom of the well”. Ba haramun ba ne a ce “the car's engine”, ana faɗa, amma “the well's bottom” sai an daure. Akwai kuma 'yan tsiraru da ke nuna iri amma suna riƙe da alama, domin mutane ko dabbobi ne a ciki, irin su “driver's licence”, “cow's milk” da “girls' school”. Waɗannan sai haddar ido.

Lokaci yana da nasa hukuncin, kuma nan ne ma'aikata ke tuntuɓe a wasiƙun ofis. Turanci yana ɗaukar lokaci tamkar mai mallaka: “a day's work”, “today's newspaper”, “two weeks' notice”, “three months' salary”. Bahaushe yana cewa “wata uku”, ba ya bukatar jam'i in lamba na nan, shi ya sa hannunsa ke zamewa ya rubuta “three month salary”. Mataki na biyu zai gyara: a rubuta “three months” cikakke tukuna, sannan alama. In kuwa aka haɗa lambar da sunan da karan ɗori suka zama sifa, s da alama duka sun tafi: “a three-month course”.

Ƙaramin abu amma mai yawan faruwa: ba a cewa “the Musa's car”. Sunan mai abu ya riga ya cika gurbin “the”. A “the teacher's car”, wannan “the” na malamin ne, ba na motar ba. In ana nufin ɗaya daga cikin da yawa, wato wani abokin Musa, sai a ce “a friend of Musa's”. Wannan ninki ba kuskure ba ne, wani lokaci ma shi ke raba gardama: “a photo of Binta” fuskarta ce a ciki, “a photo of Binta's” ita ce mai hoton ko da raƙumi ne a jikinsa. Mu a Hausa duka “hoton Binta” muke cewa, sai mahalli ya bambance.

Wakilan suna su ne wurin da ko Turawan kansu ke faɗuwa. Ga mai Hausa kuwa an riga an share masa hanya, don yana da gajeriyar mallaka da doguwa. Littafina, littafinka, littafinsu su ne “my”, “your”, “their”. Nawa, naka, nata, namu, nasu su ne “mine”, “yours”, “hers”, “ours”, “theirs”. Babu ɗayansu da ke ɗaukar alama, in ban da “one's”. “Its” yana cikin wannan dangi, ɗan'uwan “his” ne. “It's” kuwa gajarcewar “it is” ce ko “it has”, haka “who's” gajarcewar “who is” ce ko “who has”, yayin da “whose” ke nufin “na wa”. Gwajin shi ne a warware kalmar a ji. “The goat broke it's leg” zai koma “the goat broke it is leg”, shirme ke nan, don haka “its”. Ya kamata kuma a nuna wa ɗalibi cewa alama da s a bayan suna ba kullum mallaka ba ce: “Binta's a nurse” da “Binta's gone home” ba wanda ya mallaki komai. Wajen bambance “his” da “her” Bahaushe ya fi masu harsunan da ba su raba namiji da mace a wakilin suna sa'a, don yana da gidansa da gidanta. Inda yake zamewa shi ne kayan da ba su da rai, tunda a Hausa mota mace ce, sai “tayarta” ta fito “her tyre” a maimakon “its tyre”.

Jam'i tsura kuwa ba shi da alama, ko ya yi kama da baƙo. “Phones”, “shoes”, “bananas”, “SIMs”, “ATMs”, “the 1990s”. Iyalan Bello “the Bellos”, gidansu “the Bellos' house”. Sassaucin da aka yi na harafi ɗaya ne tilo, kamar “dot your i's”, don kada a karanta “is”.

Duk waɗannan dokoki ne da babu saɓani a kansu. Amma akwai wani yanki da malamai ke zubar da jan biro a banza, shi ne sunan mutum ɗaya da ya ƙare da s: Abbas, Idris, Yunus, Bilkis. “Abbas's shop” za a rubuta ko “Abbas' shop”? Masu harshen ba su daidaita ba. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press alama kaɗai yake sawa, jaridar New York Times kuwa tana ƙara s. A 2024, da Kamala Harris ta tsaya takarar shugabancin Amurka, sai da aka yi ta cacar baki a kan “Harris'” da “Harris's”. Majalisar jihar Arkansas ta Amurka har ƙuduri ta zartar a 2007 cewa “Arkansas's” ne daidai. A Landan akwai lambun “St James's Park”, a Newcastle filin ƙwallo “St James' Park”. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya rubuta yadda yake furtawa. Tunda “Abbasiz” ake cewa, “Abbas's” ya fi dacewa, kuma ya yi daidai da matakai ukun nan ba tare da an ƙara wata doka ba. Amma wanda ya rubuta ɗayan bai yi laifi ba, muddin ya tsaya a kan guda daga farkon takarda zuwa ƙarshenta.

Wannan rashin daidaito yana da asali. A tsohon Turanci, shekara dubu da suka wuce, babu wata alama, ɗafa-ƙeya ce kawai, -es, da ake liƙa wa sunaye da yawa: “cyning” sarki, “cyninges” na sarki. Alamar daga maɗaba'un Faransa ta ƙetaro a ƙarni na 16, inda Geoffroy Tory ya yi amfani da ita tun 1529, kuma aikinta na asali nuna gurbin harafin da aka cire ne. Da wasalin e na -es ya ɓace a furuci, sai aka soma sa ta a gurbinsa. A ƙarni na 16 da na 17 har wasu marubuta suka ɗauka ɗafin gajarcewar “his” ce, suna rubuta irin su “the king his crown”. Dokar ba ta zauna ba sai a ƙarni na 18, ta jam'i ma ta fi jinkiri. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, “it's” yake rubutawa a wurin mallaka, abin da yau za a zagaye wa ɗan aji uku da jan biro.

Har yanzu ma ƙurar ba ta kwanta ba. Hukumar sunayen wurare ta Amurka, da aka kafa a 1890, tana cire alamar daga sunayen wurare, sau biyar kacal ta yi sassauci, mafi shahara shi ne tsibirin “Martha's Vineyard” a 1933. A Ingila, majalisar birnin Birmingham ta daina sa ta a allunan titi a 2009. Ta North Yorkshire ta gwada haka a 2024 da hujjar rumbun bayanan kwamfuta, mutane suka yi ca, ta janye. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, tashar “Earl's Court” da “Barons Court” suna maƙwabtaka a layin Piccadilly, ɗaya da alama ɗaya babu. Wani tsohon ɗan jarida, John Richards, ya kafa ƙungiyar kare alamar a 2001, ya rufe ta a 2019 yana da shekara 96, ya gaji. A gida ma jam'iyyar PDP “Peoples Democratic Party” take rubuta sunanta, babu alama. Suna na mai shi ne, yadda ya rubuta haka za a kwafa.

To me zai hana mu ma mu yar da ita mu huta? Masu wannan ra'ayi suna da hujja: a magana ba a jin ta, kuma ana fahimtar juna. Sai dai a magana akwai damar a tsayar da mutum a tambaye shi, takarda kuwa ba ta amsa tambaya. “My brother's land” filin ɗan'uwana ne, mutum ɗaya. “My brothers' land” filin 'yan'uwana ne, ƙila su bakwai. A baki furucinsu ɗaya, a takardar ciniki ko ta rabon gado kuwa bambancin na iya kai dangi gaban alƙali. Sannan ga jarrabawa. A insha'in WAEC, mai kalma kusan 450, maki 10 cikin 50 na tsabtar rubutu ne, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya share goman kaf, kuma alamomin rubutu na cikin abin da ake ƙirgawa. Bature na iya wasa da harshen uwarsa a allon titi, ɗanmu da ke neman kiredit a Turanci kafin a ba shi gurbi a jami'a ba shi da wannan sukuni.

Akwai kuma masu cewa Turanci da Turanci ake koyonsa, shigo da Hausa aji zai sa yaro ya riƙa fassara a kansa. Ai yana fassarawar tun tuni. “The car's Musa”, “gold's ring”, “three month salary” da “her tyre” duk sawun Hausa ne, ba wanda ya koya masa su. Gara a fito da fassarar fili a nuna masa inda take daidai da inda take yaudara, da a bar shi yana yin ta a ɓoye. In aji gauraye ne, kamar yadda ake samu a Sabon Gari ko Jos, abin bai ɓaci ba, domin Yarabanci da Ibo su ma abin da aka mallaka suke sawa a gaba, “ilé Adé” da “ụlọ Obi”. Juyin da za a nuna wa Musa shi ne za a nuna wa Ade da Obi.

Minti 40 sun isa darasin farko. Goman farko a raba allo biyu, Hausa a hagu Turanci a dama, a ja kibiyoyi masu giciye daga “motar Musa” zuwa “Musa's car” har yara su ga juyin da idonsu. Goma na biyu matakai uku da gwajin yatsa, da gangan a cusa “children” da “wives” a misalan farko, kada a ajiye su zuwa ƙarshe a matsayin togaciya. Goma na uku furuci, da murya, da sunayen 'yan ajin. Goman ƙarshe a ba su jerin Hausa gauraye, gidan liman da gidan ƙasa, kuɗin Talatu da kuɗin makaranta, nonon saniya da ruwan sha, su ware masu alama da marasa ita. Aikin gida kuma kowa ya kwafo alluna biyar daga hanyarsa ta komawa gida, ya zo ya faɗi waɗanda suka yi daidai. Shi kuma mai duba takarda ya zagaye “it's leg” da “Phone's” da “childrens'”, in ya zo kan “Abbas' shop” ya ɗaga biro ya wuce.